Yadda za ka shirya fim ɗin Hausa na ƙashin kanka a Legas

Bahaushen da ke zaune a Legas yana son harkar fim, yawanci abu biyu ne ke zuwa masa a rai: ko ya tattara ya koma Kano inda jarumai da furodusoshi suke, ko ya yi ta zarya Surulere da Lekki yana jiran ranar da wani daraktan Kudu zai ba shi fitowar maigadi. Ni a ganina akwai hanya ta uku, kuma ita ta fi dacewa da wanda ba shi da ubangida a masana'antar: ya tsaya inda yake, ya mori kayan aiki da ƙwararrun da Ikko ta tara, ya ba da labarin Hausawan da ke cikinta. Masu kallonsa suna Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Kumasi da Jidda, kuma waya za ta kai musu duk abin da ya saka. Ga yadda ake bi, tun daga ranar da sha'awar ta shiga har ranar da kuɗin farko zai faɗo asusu.

Mataki na ɗaya: ka fara zama yaron wani

Kafin ka kira kanka darakta, ka nemi lokeshin ɗin wani ka yi aiki a ƙarƙashinsa, ko da ɗaukar fitila ne ko jan waya. Legas ta fi ko'ina a ƙasar nan yawan aikin ɗauka: fim, talla, bidiyon waƙa, shirin talabijin. Kullum ana neman yaro mai zuwa da wuri, mai riƙe amana, wanda ba ya danna waya lokacin aiki. A nan za ka ga yadda ake tsara rana, wa ke ba da umarni, da abin da ke sa aikin awa biyu ya cinye wuni.

Akwai makarantu kuma. MultiChoice Talent Factory, wadda aka fara a 2018, tana da reshen Afirka ta Yamma a nan Legas, karatun kyauta ne amma shiga sai an yi gasa. EbonyLife Creative Academy tana ba da gajerun kwasa-kwasai kyauta da tallafin gwamnatin jiha. PEFTI tana Isolo, ita ana biya. Mai son dogon karatu kuma sai ya nufi makarantar fim ta ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka naɗa Ali Nuhu ya shugabance ta a Janairun 2024. Ko wacce ka shiga, ka fito da sana'a guda a hannunka: ɗaukar hoto, ko sauti, ko editin. Ita za ta ciyar da kai a shekarun da fim ɗinka bai fara kawo komai ba.

Mataki na biyu: labari

Nan ne jarinka yake. Hausawa sun daɗe a garin nan. Fataucin goro da na shanu ya zaunar da su a Agege, jirgin ƙasa kuma ya ƙara musu yawa bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Yau akwai jikokin da aka haifa a Agege da Idi-Araba waɗanda suke Yarbanci kamar ruwa, Hausarsu kuma idan suka je Arewa a ce musu 'yan Ikko. Akwai ɗan dako a kasuwar Mile 12 da ke sauke kwandunan tumatir da tattasai tun kafin asuba. Akwai mahauci a mayankar Oko-Oba, da mai canji, da mai shayi, da direban tirela da ke kwana a layin Apapa yana jiran lodi. Akwai ɗan acaɓan da ya wayi gari a watan Yunin 2022 gwamnati ta hana sana'arsa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, alhali babur ɗin na bashi ne, gida kuma ana jiran aike. Da wuya ka ga waɗannan mutane a fim ɗin Kano, a fim ɗin Kudu kuma ba a cika ba su ko suna ba. Wannan yana ci mini rai, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ɗan fim ɗin Legas bai kamata ya ɓata ƙarfinsa wajen kwaikwayon falon Alhaji da rigimar kishiyoyi ba. Masu yin wannan a Kano sun fi ka iyawa, kuma jaruman suna hannunsu.

Ka zaɓi mutum ɗaya mai buƙata ɗaya, da abin da ya tare masa hanya. Misali, yaron shago a Mile 12 da aka ba shi kuɗin ciniki ya kai wa maigida, kuɗin suka ɓace a cikin danfo, motar haya ta Legas, kuma yana da zuwa magariba ya samo su. Wannan ya isa gajeren fim. Ka rubuta shi fitowa bayan fitowa, da wuri da lokaci da maganar kowa. A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya yana ba da kusan minti ɗaya, saboda haka aikinka na farko kada ya wuce shafi 10 zuwa 15, 'yan wasa kada su wuce biyar, wurare kada su wuce uku. Fim mai dogon zango ya jira tukuna. Da yawa sun fara zango da zafi, kuɗi ya yanke a kashi na huɗu, masu kallo suka watse ba su dawo ba.

Ka bar mutane su yi magana yadda suke yi a zahiri. Idan ɗan Agege zai yi wa kwandasta Yarbanci, ya juyo ya yi wa abokinsa Hausa, ya amsa waya da Turancin buroka, to haka za a rubuta. Bayan ka gama, ka tara mutum huɗu ko biyar ku karanta da baki. Duk layin da harshe ya yi tuntuɓe a kansa, ka sake shi.

Mataki na uku: kuɗi

Ka ɗauki rubutun ka fitar da duk abin da kowace fitowa take buƙata, ka sa wa kowanne farashin yau: hayar kyamara da fitilu da na'urar sauti, man janareto, mota, abinci, sallamar 'yan wasa da ma'aikata, kuɗin wuri, editin, kiɗa, tacewa, talla. Ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana. Masu farawa sukan ƙarar da komai a ranar ɗauka, fim ya kwanta a kwamfutar edita wata da watanni don babu kuɗin kammalawa. Tun farko ka ware na editin da na talla gefe, ka haramta wa kanka taɓa su.

Kada ka sayi kyamara. Kamfanonin haya sun cika garin, kuma abin da za ka saya yau bayan 'yan shekaru ya zama tsohon yayi. Abin da ya cancanci saye shi ne ma'ajiyar bayanai guda biyu masu kyau, in ka je kasuwar Computer Village da ke Ikeja kuma ka gwada su a gaban mai shago kafin ka biya.

Idan wani Alhaji a kasuwa zai zuba kuɗi, ka gaya masa gaskiya tun a zaman farko: "Alhaji, wannan harka ana iya samu, ana iya rasawa, kuma ko an samu ba a wata ɗaya ba ne." Ku fayyace bashi ne ko haɗin gwiwa. In haɗin gwiwa ne irin na mudaraba, a rubuta kason riba na kowa, da wanda zai riƙe tashar YouTube, da wanda sunansa ke kan asusun banki, shaidu biyu su sa hannu. Zumunci da yawa ya lalace a harkar nan saboda an ce "ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba."

Mataki na huɗu: takardu da gaisuwa

Ka yi wa kamfaninka rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe masa asusu. Da wuya ka samu tashar talabijin ko manhajar da za ta ƙulla yarjejeniya da kai ba tare da wannan ba. Jihar Legas tana da tata hukumar kula da fina-finai, ka je ka nemi takardar izini idan za ka yi ɗauka a titi ko wurin jama'a. In fitowar tana da kakin 'yan sanda ko bindigar wasa, ka sanar da ofishin 'yan sandan yankin a rubuce kafin ranar. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana da nasa izinin daban, kuma Agege tana dab da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, don haka a can ka manta da shi kawai.

Takarda kaɗai ba ta buɗe unguwa. Kowace unguwar Hausawa a Legas tana da Sarkin Hausawa da dattawanta, kowace kasuwa tana da shugabanninta. Zuwa da kai ya fi aike: ka sa kaya masu mutunci, ka tafi da wani babba da aka sani, ka zauna ka yi gaisuwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka ne, za mu ɗauki wani ɗan aiki a bayan masallaci ranar Talata, ga labarin a taƙaice." Ka faɗi labarin da gaske, domin abin da dattawa suke tsoro shi ne a zubar musu da mutuncin unguwa. Idan gidan na Bayarabe ne, shi ma ka je wa Baba mai gida da ladabi, ku yi ciniki, ku rubuta awa nawa za ku yi. Samarin layi kuwa za su zo neman nasu, wannan ba makawa. Ka ɗauki ɗaya daga cikinsu aikin tsare hanya da sallama sananniya, ta bakin wani babban unguwa, tun kafin kyamara ta sauka daga mota.

Mataki na biyar: mutanenka

Kana buƙatar mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai haske, mai kula da ci gaban fitowa don kada hular da jarumi ya shiga ɗaki da ita ta canza kafin ya fito, da mutum ɗaya wanda aikinsa kawai abinci da mota da lokaci. Ma'aikatan nan ba dole su zama Hausawa ba. Amma idan mai sauti ba ya jin Hausa, ka zaunar da mai ji kusa da shi da abin saurare a kunne, don shi zai gane an haɗiye kalma.

Ɗauko babban jarumi daga Kano yana nufin kuɗin jirgi, masauki, da sallama mai nauyi. A gajeren fim na farko ban ga amfaninsa ba. Ka yi gwaji a unguwa, za ka sha mamakin masu baiwa a cikin 'yan kasuwa da ɗalibai da masu barkwanci a TikTok. Kowa ya sa hannu a takardar amincewa da amfani da hotonsa da muryarsa, yaro ƙarami kuma iyayensa su sa. 'Yan wasa mata a nemi yardar gidajensu, a tanadar musu wurin sauya kaya, a mayar da su gida kafin dare ya yi. Sunan da za ka yi a kan wannan shi zai sa gobe wani uba ya yarda ya ba ka 'yarsa ta fito.

Mataki na shida: ranar ɗauka

Babban abokin gabarka a Legas shi ne ƙara. Janareton maƙwabta, hon ɗin danfo, lasifikar mai sayar da magani, injin niƙa, jirgin sama da ke sauka Ikeja, jirgin ƙasa da ke ratsa Agege. Mai kallo zai yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana zai wuce gaba. Saboda haka ka ziyarci wurin tun kafin ranar, a daidai lokacin da za ku yi aiki, ka tsaya shiru minti biyar ka saurara. Kada ka dogara da makirfon jikin kyamara. A maƙala wa kowane mai magana ƙaramin makirfo a cikin riga, a kuma riƙe na sanda a samansa. Janaretonku a kai shi nesa da doguwar waya. Maƙwabcin da nasa ke damunku, a roƙe shi ya kashe na awa ɗaya a ja masa wuta daga naku. In jirgi ya taso, a dakata ya wuce. Kafin ku bar kowane wuri, kowa ya yi tsit a naɗi minti ɗaya na sautin wurin kawai, edita zai yi ta sa maka albarka a kansa.

Lokaci kuma sai an yi masa dabara. Ka tara duk fitowar wuri ɗaya a rana ɗaya, ko da a labarin suna nesa da juna. Kada ka taɓa tsara safe a Agege, yamma a Obalende, domin cunkoson hanya zai cinye tsakiyar ranar. Hasken da ya fi kyau a waje shi ne na bayan fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, da na bayan la'asar. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ka ajiye fitowar cikin ɗaki da za a koma mata in hadari ya haɗo. Safiyar Lahadi tituna sun fi sauƙi, sai dai ka duba ko akwai coci kusa. Ranar Juma'a ka yi lissafin masallaci, kullum kuma a sa lokutan salla da na abinci cikin jadawalin, ba sai an ga dama ba.

Kowace fitowa a ɗauke ta daga nesa, sannan a matso kan fuskar kowane mai magana, sannan a ɗauki ƙananan abubuwa: hannu yana ƙirga kuɗi, shayi ana shekawa daga kofi zuwa kofi, ƙafa cikin caɓalin kasuwa. Da waɗannan ake ɗinke fim a wajen editin. Da daddare, kafin kowa ya kwanta, a kwafe aikin ranar a ma'ajiya biyu, a buɗe a tabbatar yana yi, ɗaya ta kwana a wani gida daban. Sai bayan haka a goge katin kyamara. Wanda aka yi wa alkawarin sallamar rana kuma a ba shi a ranar.

Mataki na bakwai: editin da tacewa

Ka zauna tare da edita, ka cire duk abin da labarin zai tafi ba tare da shi ba, ko da ka sha wahala wajen ɗaukarsa. A gyara sauti, a daidaita launi. Kiɗa ka sa a yi maka naka, da takardar da ta nuna an mallaka maka. Waƙar wani ko kiɗan fim ɗin Indiya da ka ɗora, na'urar YouTube za ta gano shi, kuɗin tallan ya koma wa mai shi ko a toshe bidiyon. Fassarar Turanci ta ƙasan allo ka ba wanda ya iya harsunan biyu sosai, domin ita ce fuskarka a wajen alƙalan gasa da masu saye a Legas, kuma mummunar fassara ta daɗe tana jawo wa fim ɗin Hausa raini. Inda aka yi Yarbanci, a sa fassarar Hausa saboda 'yan Arewa.

Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba fim ta ba shi matakin shekarun masu kallo, kuma tana da ofis a Legas. Tashoshi da sinimomi za su tambaye ka takardarta. In kana da niyyar haska fim a Kano ko yin aiki da 'yan can, ka san cewa jihar tana da tata hukumar tun 2001, kuma a 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda sakinsu ba tare da an kai mata ta duba ba. Ko ba don hukuma ba, masu kallonka mutanen Arewa ne: sutura da mu'amalar namiji da mace a fim ɗinka su zama waɗanda za a iya kallo a tsakar gida da iyaye.

Mataki na takwas: kasuwa

Zamanin faifai, lokacin da 'yan kasuwar Alaba da na Ƙofar Wambai suke riƙe da wuyan harkar, ya wuce. Satar fasaha da masu tura fim a waya sun karya shi. Yanzu ƙofofin da suka rage ga mai zaman kansa su ne gasa, tashoshi, manhajoji da YouTube, kuma jerin da za ka bi su yana da muhimmanci.

Ka fara da bukukuwan fim, domin wasunsu ba sa karɓar abin da ya riga ya fita a intanet. AFRIFF, wanda aka fara a 2010, a nan Legas ake yinsa wajen ƙarshen shekara. Akwai Zuma a Abuja, da KILAF a Kano na fina-finan harsunan gida, da FESPACO a Wagadugu da ake yi duk bayan shekara biyu. Yawancin bukukuwa ta shafin FilmFreeway ake tura musu. Gasar AMVCA, da aka fara a 2013, tana ware kyauta ga fina-finan harsunan gida. Ko ba ka ci komai ba, ka halarta da katinka da tallan fim ɗinka na minti ɗaya a wayarka, a irin wuraren nan ake haɗuwa da masu ba da aiki.

Sai tashoshi da manhajoji: Africa Magic Hausa, Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da manhajojin fim ɗin Hausa irin su Northflix. A nan ka buɗe ido sosai. Akwai bambanci tsakanin sayar da fim ɗungurungum da ba da hayarsa. Ka nemi a rubuta shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, a talabijin kawai ko har intanet, kuma su kaɗai ne za su haska ko kana da damar kai wa wasu. Shawarata ita ce ka ba da haya na ƙayyadadden lokaci, mallaka ta zauna a hannunka, ko da kuɗin bai kai na sayarwa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare ka, amma ba za ta dawo maka da abin da ka sa hannu ka bayar ba. Lauya ya karanta maka kafin ka sa hannu. Manyan manhajojin waje kuma kada ka gina lissafinka a kansu: a farkon 2024 Amazon Prime Video ta daina ɗaukar nauyin sababbin ayyuka a Afirka, mutane da yawa a garin nan suka tashi da shirin da babu mai saye.

YouTube ita ce kasuwar yau da kullum. Kafin ta fara raba kuɗin talla da kai, tasharka tana buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Kallon da aka yi daga Saudiyya ko Ingila ko Amurka ya fi na gida kawo kuɗi, wannan ma wani dalili ne na kyautata fassara. Tashar ta zama da imel ɗin kamfaninka, da matakan tsaro biyu, kada ka bar ta a hannun yaron da ya buɗe maka. Ka yanka gutsattsari masu jan hankali ka watsa a TikTok da Facebook da WhatsApp mako biyu kafin fitowa, ka sanar da rana da lokaci, ka kuma cika. Kana iya neman talla kai tsaye daga 'yan kasuwar unguwa, mai shadda ko mai gidan abinci ko kamfanin sufuri, a nuna kayansu a cikin labarin, su biya kafin a saki fim.

Kafin ya hau intanet, ka haska shi a unguwar da aka ɗauke shi, a ɗakin taro ko harabar makaranta, ka gayyaci dattawan da suka ba ka izini. Ka zauna a baya ka lura da inda mutane suka yi dariya da inda suka fara duba waya, ka rubuta.

Tsakanin fim na farko da na biyu, sana'ar hannunka ce za ta riƙe ka: bidiyon biki da walima, tallan shaguna, aikin sallamar rana a lokeshin ɗin 'yan Kudu, fassara da ɗora murya, ko gyara wa kamfanonin Legas Hausar da ke cikin fina-finansu da tallace-tallacensu. Daga duk abin da ya shigo ka riƙa cire wani kaso zuwa asusun kamfani, ka ajiye littafin shiga da fita na fim ɗin farko har da kuɗin ruwan leda. Wannan littafi da fim ɗin da ka gama su ne za ka ajiye a gaban mai zuba jari na gaba.